Tsohon CG 125 yana hayaƙi: in zuba ringi kawai ko in kai bulo borin?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Akwai Honda CG 125 na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, irin na da ɗin nan. Tun bayan rasuwarsa yake jingine a soro, sai bana na fito da shi saboda kuɗin mota zuwa wurin aiki ya fi ƙarfina. Na wanke tanki da kafireta, na sa sabon fulogi, ya tashi. Amma hayaƙi yake yi shuɗi-shuɗi, fulogi na jiƙewa da baƙin mai, in ka taka kik kuma ba ka jin nauyi, ƙafa zarcewa take yi. A tudu kuwa sai da giya biyu yake hawa. Ina so in buɗe injin da hannuna a gida, don ina da 'yan kayan aiki kuma ina sha'awar in san cikinsa. Wani ya ce ringi kawai zan zuba, wani ya ce sai an yi borin, wato a faɗaɗa ramin bulon da fistin ke kai-komo a ciki. Wanne ne daidai? Kuma wanda ba bakanike ba zai iya wannan aiki?

Oga_Nasiru:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka lura da lokacin da hayaƙin ke fitowa. In da safe ne kawai, yana tashi ya yi hayaƙi, yana ɗumama ya daina, to yawanci daga sama ne, robar bawul ta bushe ko mazaunin sandar bawul ya ci, baƙin mai na tsiyaya cikin dare. In kuwa kullum ne, kana murɗa totur yana ƙaruwa, ringi da bulo ake zargi. Akwai gwajin da ba ya cin kuɗi: cire fulogi, ka ɗiga ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin, ka mayar da fulogin, ka taka kik. In ka ji nauyi ya dawo, ringi ne, don man ya toshe ratar na ɗan lokaci. In babu abin da ya canza, iska ta bawul take gudu. Yi wannan ka dawo mana da labari.

Tsohon_Dan_Acaba:
Ɗan'uwa ka kai wa masu sana'a. Na yi acaɓa shekaru kafin a hana ta a Kano a 2013, na ga injinan da masu su suka buɗe a gida, ƙarshenta a buhu ake kawo su gareji, wosha ta ɓata, sifirin ya yi tsalle ya faɗa kwata. Bakanike kuma in ya ga haka kuɗi biyu zai caje ka, na gyara da na nemo abin da ka ɓatar.

Auwal_Kaduna:
Ban yarda ba, Tsohon_Dan_Acaba. In da wani babur ne sai in ce haka, amma CG? Ai don irinmu aka yi shi. Ba shi da tamin cen sam, wato sarƙar da ke daidaita buɗewar bawul, 'yan sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa. Kana iya cire tof, wato kan inji, da bulo ba ka taɓa tamin ba, don giyar kam tana can ƙasa a cikin inji. A kan Boxer ko roba-roba ne sabon shiga ke ruɗewa da cen da maki. Wannan kam in mutum na da natsuwa zai yi.

Abban_Sadiq:
Na gode ƙwarai. Oga_Nasiru, na yi gwajin da yamman nan. Da na ɗiga man sai kik ya yi nauyi sosai, har ya ɗan turo ƙafata. Hayaƙin kuma kullum ne, ya fi yawa in na ja totur.

Oga_Nasiru:
To ƙanena, magana ta koma kan ringi da bulo. Amma tambayarka ta ringi ko borin babu wanda zai amsa maka ita tsakani da Allah sai an buɗe an auna. Duk wanda ya yanke maka hukunci bai ga cikin bulo ba, cinta yake yi. Faɗin bulon CG 125 daga kamfani milimita 56.5 ne. Yana cinyewa ne a sama, inda ringi ke juyawa, kuma ya fi ci gaba da baya a kan gefe da gefe, shi ya sa tsohon bulo ba ya zama zagayayye. Ka sa sabon ringi mai zagaye daidai a rami mai siffar ƙwai, ba zai taɓa zama ba. Wata biyu hayaƙi ya dawo, ka ce ringin ne jabu, alhali bulon ne ya gaji.

In ka cire bulo, ka goge shi, ka sa farcenka a ciki daga ƙasa ka jawo sama. In farce ya maƙale a wani ɗan tudu dab da baki, ya ci. In akwai zane a tsaye da farce ke ji, ya ci. Sannan ka ɗauki ringin sama ka saka shi a bulon shi kaɗai, ka tura shi da kan fistin don ya zauna daidai, ka auna bakinsa da siraran ƙarafan awon nan, fila-gej. Ka auna a sama, ka auna a ƙasa inda ringi ba ya kaiwa. In ratar sama ta fi ta ƙasa a fili, ka san amsar. Sabon ringi a lafiyayyen bulo tsakanin milimita 0.15 da 0.35 ratarsa take.

Sabon_Jini:
Ni dai duk wannan wahala ce. Ka je kasuwa ka sayi cikakken injin China mai 150, ka ɗora a kan firam ɗin, ƙusoshinsa ma sukan zo daidai. Ga ƙarfi, ga sitata. Me za a yi da injin da ya girme ka?

Baba_Mai_Vespa:
Yaro, da tsohuwar zuma ake magani. Injin da ka ce a saya ɗin ai kwaikwayon wannan aka yi. Tun 1975 Honda suka fito da CG, bayan injiniyoyinsu sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda talaka ke amfani da babur: mutum uku huɗu a kai, ga kaya, juye kuma sai mai ya koma kamar kwalta. Suka koma suka yi injin da zai jure wa wannan hali. A Brazil a 1976 aka fara ƙera shi, a Pakistan har yau ba su daina ba. Mu da muka ga zuwansa mun san malaman makaranta da malaman gona da suka yi ritaya a kansa, 'ya'yansu suka ɗora. A ce a cire wannan inji a jefar saboda ringi? Haba.

Sabon_Jini:
Allah ya huci zuciyarka Baba, ban raina shi ba. Lissafin aljihu nake yi. In ya sayi fistin, ringi, fakin, bawul, ya biya mai borin, ƙila kwanrod ma, ƙarfen da ke riƙe fistin daga ƙasa, ya fito da matsala, kuɗin zai taru.

Auwal_Kaduna:
Ko da ya taru ba zai kai kuɗin sabon inji ba. Kuma Sabon_Jini ka manta da takardu. Lambar inji tana jikin takardun babur. Ya canza inji bai gyara takarda ba, duk shingen da aka tsayar da shi sai ya sha bayani. Ga wayarin ma ba ɗaya ba ne. In na da ne sosai, mai foyin da batir mai bolt 6, sai an sake jan waya kafin sabon inji ya yi aiki.

Malam_Habibu:
Assalamu alaikum. Ku gafarce ni zan ɗan ratse. Abban_Sadiq, ka ce babur ɗin na mahaifinku ne. An raba gado kuwa? Ina tambaya ne don kada ka zuba kuɗinka da ƙarfinka a kan abin da yake da haƙƙin magada, gobe a zo rabo a yi masa kuɗi a matsayin gyararre, rai ya ɓaci tsakanin 'yan'uwa. In ba a raba ba, a kira wanda ya san babur ya yi masa kuɗi yadda yake yanzu, a gaban kowa, har mata, kafin a taɓa shi.

Abban_Sadiq:
Allah ya saka da alheri Malam. An raba tuntuni, an yi masa kuɗi ya faɗo a kasona, takardun ma suna hannuna. Yayyena mata har murna suke yi da suka ji ƙararsa.

Malam_Habibu:
Alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka, ku ci gaba.

Injiniya_Sani:
Ina goyon bayan Oga_Nasiru kan awo, amma zan ƙara kan tsarin aikin, don shi ne ke raba wanda zai gama lafiya da wanda zai kai injinsa gareji a buhu, kamar yadda Tsohon_Dan_Acaba ya faɗa.

Kafin komai ka wanke injin ta waje tas, musamman tsakanin haƙarƙarin bulo da ƙarƙashin tanki, don duk ƙasar da ke nan tana jiran ka buɗe ne ta faɗa ciki. Ka yi aikin a ɗaki ko a soro mai ƙofa, ba a tsakar gida ba, balle in ana hunturu. Ƙura ita ce ta cinye bulon tun farko. Ka shimfiɗa tabarma ko leda mai haske yadda ƙaramin abu in ya faɗi za ka gan shi. Duk abin da za ka cire, ɗauki hotonsa da waya kafin ka cire. Ƙusoshin murfi ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ka samu kwali ka zana siffar murfin, ka huda, kowace ƙusa ka soke ta a inda ta fito. Sandunan nan masu tura bawul da rokokinsu kuma na shiga daban, na fita daban, kowanne ya koma inda ya saba.

Abu mafi muhimmanci: da zarar ka ɗaga bulo, tun kafin fistin ya fito gaba ɗaya, ka cusa tsumma mai tsabta a bakin inji kewaye da kwanrod. Ɗan kilif ɗin da ke riƙe fin ɗin fistin yana da tsalle. In ya faɗa ciki, aikin yini ɗaya ya zama sai an raba inji biyu.

Maman_Ilham:
Ni ban san inji ba, amma maigidana ya taɓa yin irin wannan aiki a gida, don haka ina da magana. Don Allah kada a wanke kayan inji da fetur a gidan da ake girki. Tururinsa yana bin ƙasa ya kai ga murhu ko gawayi ba ka sani ba. A yi da kananzir, kuma a nesa da wuta. Baƙin man da aka juye kada a bar shi a buɗe a gwangwani, yara na ganin abu sai su taɓa ko su kai baki, kada kuma a zubar kusa da rijiya. Ƙananan ƙarafan nan masu sheƙi ma yaro zai ɗauka ya haɗiye. A kulle ɗakin in za a tafi masallaci.

Oga_Nasiru:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Mu ma a gareji mun ga gobarar da fetur a faranti ya jawo. Kananzir ko gas ya isa.

Issoufou_Maradi:
Sannunku. Nan wajenmu ma CG da 'yan'uwansa na China sun cika gari, kuma kayansu da yawa daga Kano da Katsina suke zuwa. Abin da zan ƙara: kada ka kai bulo wurin mai borin hannu sake. Ka fara kai masa ya auna ya gaya maka lambar da za ta share cin, sannan ka sayo fistin ɗin, ka haɗa masa su biyu. Da fistin ɗin da za a saka ake yanka rami, ba da lambar da ke kan kwali ba, don fistin biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta kaɗan. Lambobin ƙarin faɗin a milimita 0.25 ne, 0.50, 0.75, sai 1.00. Kada ka yarda a tsallake da kai zuwa babba don wai ƙarfi zai ƙaru. Ƙarfin da zai ƙaru ba za ka ji shi ba, amma ka cinye damar gyara na gaba.

Auwal_Kaduna:
Wannan haka yake. Ni an taɓa yi min aikin da ya ba ni haushi. Na kai bulo da fistin, mai borin ya ajiye fistin a gefe bai ko auna shi ba, ya yanka da ido. Da na ɗauko, fistin faɗawa yake ta cikin bulo babu ko tirjiya. Na nuna masa, ya ce wai in ya yi zafi zai kumbura ya cike. Tun ranar farko injin ke ƙwas-ƙwas. Yadda ya kamata, in ka shafa mai ka saka fistin ba ringi, ya riƙa zamewa a hankali da nauyinsa, ba ya faɗo ba, ba kuma ya tsaya cak ba. Ka tsaya a kansa har ya gama, ka kuma duba ya yi zanen nan mai gicciye a jikin ramin. Shi ke riƙe mai, shi ke sa ringi ya zauna.

Dan_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Nan a Suame masu borin da masu saka silif, wato bututun ƙarfen cikin bulo, suna da yawa, kuma na lura da abu ɗaya da mutane ke sakaci da shi: wankin bulo bayan an dawo da shi. Garin dutsen da aka goge shi da shi yana maƙale a jikin ƙarfen, kuma kananzir ba ya fitar da shi duka. Ruwan zafi da sabulu da buroshi za ka sa, ka wanke, ka goga farin ƙyalle. Muddin ƙyallen na fitowa da baƙi-baƙi, sake wankewa. Yana fita fari ka busar da shi nan take ka shafe da baƙin mai, don tsatsa ba ta jira.

Tsohon_Dan_Acaba:
Ruwa a bulo? Ni kam ban taɓa ganin bakaniken da ya yi haka ba.

Injiniya_Sani:
Ba a saba ba ne, amma Dan_Zango_Kumasi ya yi daidai. Ruwan ba ya komai in an busar an shafa mai.

Jincheng_Sai_Dole:
Nawa Jincheng ne, shi ma yana hayaƙi fiye da da. Wannan bayanin ya shafe ni?

Oga_Nasiru:
Naka daban ne, ɗan'uwa. Jincheng mai 100 ɗin nan tu-sitirok ne, ba shi da bawul, kuma da ma yana ƙona mai tare da fetur, don haka hayaƙi kaɗan halinsa ne. In ya yi yawa ka duba saitin famfon mai, ka kuma duba ko man giya na raguwa. In yana raguwa, oyil sil ɗin kiransha na gefen kuloci ne ya mutu yake zuƙo shi. In za ka sa ringi kuma, akwai 'yan ƙusoshi a cikin ramin ringin, dole bakin ringi ya zauna a kansu, in ba haka ba zai karye kana saka bulo. Ka buɗe taka tambayar daban mu yi ta a natse, kada mu ruɗa Abban_Sadiq.

Abban_Sadiq:
Ina biye da ku, ina rubutawa a littafi. Tambaya: kayan fa? Yaya zan gane na kirki? An ce min a Ƙofar Ruwa ko wajen masu kayan babur na Fagge zan samu, amma ina tsoron jabu.

Baba_Mai_Vespa:
Araha ba ta ado. Ka tafi da tsohon fistin ɗinka a aljihu, ka ɗora su gefe da gefe. Ka duba tsawo daga ramin fin zuwa sama, ka duba kaurin fin ɗin, don akwai mai milimita 15 akwai mai 13, ido kuma yana iya yaudararka. Kwali ba hujja ba ne, kowa na iya buga kwali. Ka nemi tsohon mai shago wanda ya daɗe a harkar, ka ce masa kai tsaye na aiki kake so ba na sayarwa ba. Yawanci suna da kashi biyu ko uku, sai ka tambaya suke fito da mai kyan.

Oga_Nasiru:
A ringi da fakin tof da kilif kada ka yi rowa. Kilif sabo za ka sa, ko da tsohon ya yi maka kyau a ido. Ga yadda ake haɗawa. Fistin yana da rubutun IN a kansa, wannan gefen kafireta yake kallo. Ringi kuma yana da ɗan harafi kusa da bakinsa, harafin sama yake kallo. Na sama da na biyu ba ɗaya ba ne, kada ka musanya su. In ka juya na biyu, maimakon ya share mai ƙasa sai ya riƙa kwaso shi sama, ka ga sabon aiki yana hayaƙi. Bakunansu ka raba su kashi uku a kewayen fistin, kada su yi layi, kada kuma ɗaya ya zauna saitin fin. Ka shafe komai da baƙin mai, ka riƙa matse ringi da yatsu ɗaya bayan ɗaya kana sauko da bulo a hankali. Guduma ba ta da aiki a nan. In ya ƙi shiga, ringi ne ya fita daga raminsa, ɗaga ka sake.

Sai maganar gam. Yaranmu na son lafta gam a fakin kamar ana shafe ɗaki. Akwai ƙaramar hanya da baƙin mai ke bi ya hau sama wurin roka. Gam in ya matsu ya shiga nan ya toshe, sama ta bushe, roka ta ƙone. In fuskokin biyu a share suke tas, fakin mai kyau ya isa. Notunan tof guda huɗu kuma a gicciye ake ɗaure su, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, ba ka ƙare ɗaya sannan ka koma wani ba.

Injiniya_Sani:
Tunda tof zai sauka, a duba bawul gaba ɗaya. Ka kifa tof ɗin da fulogi a jikinsa, ka cika kwarmin da kananzir, ka jira kaɗan, ka leƙa ta hanyar kafireta da ta salansa. In ka ga danshi, bawul na yoyo, sai a goga shi a mazauninsa da man gurza bawul har zoben ya fito toka-toka ba yankewa. Robar bawul a sa sabuwa. Bayan an haɗa, ka juya magneto har makin T ya zo saitin alama, lokacin da bawul biyun ke rufe, ka saita tafet, wato ratar da ke tsakanin roka da kan bawul, a milimita 0.08, inji na sanyi.

Tsohon_Dan_Acaba:
Mu dai da kunne ake saita mana tafet, kuma mun yi shekaru muna aiki.

Oga_Nasiru:
Kunnen wanda ya saita dubu daban ne da na wanda zai fara yau. Kuma yawancin masu saiti da kunne matsewa suke yi don ƙara ta ɓace mai babur ya ji daɗi. Bawul in ya matse ba ya rufuwa sosai in inji ya yi zafi, daga nan sai wuyar tashi, sai ƙonewar bawul ɗin salansa. CG da ma yana da 'yar ƙararsa ta tik-tik, a bar masa abarsa. Fila-gej ba shi da tsada.

Auwal_Kaduna:
Ba wanda ya yi maganar ƙasan inji. In ka cire fistin, ka kawo kwanrod sama, ka riƙe shi ka ja sama ka danna ƙasa a miƙe. Motsi gefe da gefe kaɗan ba laifi. Amma in ka ji ƙwal sama da ƙasa, ko kaɗan ne, boris ɗin ƙasa ya tafi. Nan kam zan koma bayan Tsohon_Dan_Acaba: wannan ba aikin gida ba ne. Sai an cire magneto da fula, ƙarfen da ake janyo shi da shi, an raba inji, an kai kiransha wurin mai injin matsi ya fitar da fin ya sa sabo, ya kuma daidaita shi. Wanda ya buga magneto da guduma don ba shi da fula, ya lalata kiransha.

Oga_Nasiru:
Haka ne. Kuma ko ƙasa lafiya take, ka buɗe murfin gefen kuloci. A bakin kiransha akwai wani ɗan kofi mai murfi da sukurori uku, shi ne matatar mai, yana juyawa yana tara datti a jikinsa. A tsofaffin CG na sha buɗe shi in tarar da laka ta daskare har sai an ƙanƙare da sukudireba. Ga kuma 'yar rariya da sifirin a bayan babban notin juye na gefen hagu. Ka sa sabon fistin ka bar waɗannan da datti, ka yi aikin banza. Sukurorin suna da taurin kai, ka nemi sukudireba ta duka, in ka matsa musu da ta gida kansu zai lalace.

Issoufou_Maradi:
Sai rodaj, wato lallaɓa inji bayan gyara har ringi ya zauna, wanda a nan ne mutane da yawa ke kashe aikinsu. Wasu sukan tayar da inji su bar shi a tsaye yana silo awa da awanni wai yana laushi. Injin nan iska ke sanyaya shi, in ba ya tafiya zafi yake tarawa. Ka tayar, ka tabbatar mai ya hau sama, ka hau ka yi tafiya kai kaɗai, kana canza giya, kana ƙara wuta kana ragewa, ba ka ƙure totur ba, ba ka kuma bar shi yana nishi a babbar giya ba.

Tsohon_Dan_Acaba:
A nan ma mun saba. Mu silo ake bari na yini, har a sa masa fanka, kuma injinanmu sun yi ƙarko. Ni ba zan hau sabon borin nan take ba, tsoron kada ya kama.

Injiniya_Sani:
In an bar ratar da ta dace tsakanin fistin da bulo ba zai kama ba. Masu borin da ke matsewa fiye da kima su suka jawo al'adar dogon silo. Ringi yana buƙatar matsin wuta a bayansa kafin ya zauna, silo kuwa ba ya ba shi. Ni shawarata juye na farko da wuri, kada ya wuce kilomita 500, a sake duba tafet da notunan tof. Man kusan lita ɗaya ne, 20W-50 a rufaffiyar roba, ba na awo a bakin titi ba. Soson iyakilina, mai tace iskar da ke shiga kafireta, kuma a wanke a ɗan shafa masa mai, in ya ruɓe a sa sabo. Babur ɗin da ya daɗe a jingine sosonsa yakan zama gari.

Sabon_Jini:
Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma tono tsohon babur. Ni har yanzu ina ganin sabon inji ya fi kwanciyar hankali, amma ina son in ga ƙarshen wannan aiki.

Abban_Sadiq:
Jama'a na buɗe yau bayan sallar asuba, na bi tsarin Injiniya, kwali da hotuna da tsumma. Ga abin da na tarar. Ringin mai ya manne a raminsa da baƙin gawayi, ba ya ko motsi. Farce yana maƙalewa a saman bulo, amma babu zane mai zurfi. Kwanrod ba ya motsi sama da ƙasa, alhamdu lillahi. Soson iyakilina kuwa yadda aka faɗa, ina taɓa shi ya ruguje. Abin da ban zata ba: da na goge kan fistin sai ga 0.50 a rubuce. Ashe an taɓa yi masa borin tun Baba na da rai. Yanzu 0.75 zan nema ke nan?

Baba_Mai_Vespa:
Ni da za ka ji tawa, a sa masa sabon silif a mayar da shi lambar farko, ka samu damar gyara har sau huɗu a gaba. Wannan babur ne da za ka bar wa Sadiq.

Auwal_Kaduna:
A'a Baba, ƙarfen silif ɗin kamfani ya fi yawancin na kasuwa yanzu. Tunda da sauran 0.75 da 1.00, a ci su tukuna. Silif in ba gwani ne ya saka ba yakan sauka ko ya karkace.

Tsohon_Dan_Acaba:
Tunda ringin mai ne ya manne kuma babu zane, ni da ringi kawai zan zuba in ga yadda zai yi.

Oga_Nasiru:
Da tudun nan da farce ke ji, sabon ringin sama zai riƙa dukansa, yana iya karyewa. Kai bulon a auna da ma'aunin ciki, sama da tsakiya da ƙasa, gaba da baya da gefe. In 0.75 zai share, shi za a yi, in kuma samunsa ya yi wuya a kasuwa sai mu sake shawara. Kafin ka biya kuɗin komai, turo hoton jikin fistin ta gefen salansa, da na cikin tof bayan ka yi gwajin kananzir.